Gidan Makama da Irin Labarin da Ya ke Bayarwa

A cikin gidajen ajiye kayan tarihi da ke ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda ya yi dacen mazauni kamar Gidan Makama na birnin Kano. Yana tsaye ne daura da Gidan Rumfa, filin Ƙofar Kudu na gabansa, Masallacin Juma'a ba nisa, unguwar Yakasai kuwa maƙwabciya ce, yaro ma ya iya zuwa da ƙafa ya komo tun ba a nemi inda ya ke ba. Watau abin da gidan ke ba da labarinsa yana kewaye da shi ta kowace fuska. Wannan dace shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma ya wajabta a auna shi da mudu mai tsanani, gama gidan da ke ba da labarin wani gari mai nisa ya iya faɗin abin da ya ga dama, amma wanda ke ba da labarin mutane alhali suna wucewa ta ƙofarsa safe da maraice ba shi da wannan dama.

Abin da aka gada a baki shi ne an gina gidan a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana ɗan sarki yana riƙe da sarautar Makama, a zamanin kakansa Abdullahi Burja. Da ya hau gadon sarauta a 1463 sai ya gina fadar da har yau a ke kira da sunansa, ya ƙaura can, wannan gida ya zauna hannun masu sarautar Makama. Bayan jihadi sarautar ta koma ga Jobawa, masu riƙon ƙasar Wudil, Makama kuma yana cikin masu zaɓen sarki. Sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a ciki na ɗan lokaci. Daga baya aka raba gidan uku: sashe ya zama makaranta, sashe ya zauna ga Makama, sashe ya zama gidan tarihi. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen da doka ta tsare, yanzu kuwa yana hannun hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi. A Jos a 1952, da Ikko a 1957, sababbin ɗakuna aka gina aka zuba kaya cikin akwatunan gilashi. A Kano sai aka ɗauki tsohon gida aka ce shi ne akwatin. Wanda ya kawo wannan shawara lalle ya yi tunani.

Dalili kuwa, cikin dukan abin da aka ajiye a ɗakuna 11 na gidan, ba abin da ya kai ɗakunan kansu daraja. Mai ziyara yana shiga zaure daga zafin rana sai ya ji sanyi ya ratsa shi, ba injin ba fanka, kaurin bango ne kaɗai ya tare zafin. In ya ɗaga kai sai ya ga bakan gizo ya taso daga bango ya tanƙwaro ya sadu da 'yan'uwansa a tsakiya, an jera azara a tsakaninsu kamar saƙar tabarma. Azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban ɗaki ita kaɗai ba ta karye ba, saboda haka magina suka koyi ɗaura guntu bisa guntu, kowane ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, a lulluɓe da ƙasa, har baka ta haɗu. Da wannan dabara suka rufe soraye masu faɗi da itacen giginya da jar ƙasa kawai, irin aikin da ya kai matuƙa a Masallacin Juma'a na Zariya a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu. Ɗakin farko na gidan an keɓe shi ne ga kayan gini, tubali da azara da sauransu, wannan kuwa tsari ne mai kyau ƙwarai, domin mutum yana duban tubalin a ƙasa, ya ɗaga ido ya ga abin da tubali ke zama.

Amma a nan akwai wata gaskiya da ya kamata gidan ya faɗa da babbar murya, ba ya kuwa faɗa yadda ya kamata. Ginin ƙasa ba ya shekara 500 a tsaye yadda aka bar shi. Damina na cin sa, gara na cin sa, indararo ya toshe ruwa ya kwanta bisa soro ya huda shi. Kowace shekara sai an yi yaɓe, bayan waɗansu shekaru a sāke azara, wani lokaci a rushe ɗaki ɗungum a tā da shi. Saboda haka wanda ya dafa bangon zaure yana tsammani ya taɓa abin da hannun maginan Rumfa ya taɓa, mai yiwuwa ya taɓa yaɓen bara ne. Wannan ba aibi ba ne, ba kuma abin ɓoyewa ba. Abin da ya tsira tun daga ƙarni na 15 shi ne mazaunin, da fasalin, da sana'ar da ta bi daga uba zuwa ɗa a ƙarƙashin Sarkin Gini. Tsufan gidan yana hannun mutane masu rai ne. In aka bar baƙo ya fita yana zaton ƙasar ce ta dawwama, to, an hana magina ladansu, an kuma ɓoye masa hatsarin da ke tafe, watau ranar da za a nemi wanda ya iya ɗaurin guga a rasa.

Daga nan sai ƙyauren Ƙofar Kabuga, wanda shi ne abu na biyu da ya isa a yi tattaki dominsa. Ta wannan fuska ta yamma ne rundunar Kanar Morland ta fasa ta shiga birni ran 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da Sarki Alu ya ke Sakkwato da yawancin dakarunsa, ya bar Sarkin Shanu da 'yan tsiraru a fada, suka yi yaƙi har aka kashe shi. Gwamna Lugga da ya zo ya ga ganuwar, wadda ya ƙiyasta kewayenta wajen mil 11, ya shaida bai ga irinta ba a Afirka. Ƙyauren ba ya bukatar dogon bayani. Nauyinsa, da ƙarfen da maƙera suka buga masa, da tsatsar da ta ci shi, sun isa su gaya wa yaro cewa akwai zamanin da a ke rufe Kano da magariba kamar yadda a ke rufe gida, wanda ya makara kuwa ya kwana waje. Igwa biyu na Turawa da aka girke a bakin shiga su ne ragowar jawabin. Inda duk gidan ya bar abu ya yi magana da kansa haka, ya yi nasara.

Inda ya raunana shi ne inda kaya suka ƙare, aka koma rataya labari a bango. Ɗakin da ke ba da labarin Dala da Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda ba shi da abin nunawa sosai sai zane-zane, wanda ya zana su kuwa mutumin zamanin nan ne, da tunaninsa ya yi. Ba laifi a zana, laifin shi ne a bar zane da shaida su zauna wuri ɗaya ba a rarrabe su ba. Tushen labarin duka littafi guda ne, Tarihin Kano na Larabci, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Palmer ya juya shi da Turanci a 1908, aka kuma juya shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafi ne mai girma, ba wani birni a ƙasar Hausa da ke da kamarsa. Amma shi mai littafin galibi tsawon sarautar kowane sarki ya bayar, wane shekara kaza, wane wata kaza. Shekarun Miladiyya da a ke rubutawa gefen sunaye, har da 999 ta Bagauda, lissafi ne aka yi da baya-baya, ana ɗebe sarauta bayan sarauta. In aka yi kuskure a sarki guda, duk waɗanda suka gabace shi sun goce. Masana irin su Murray Last sun kuma nuna cewa littafin, a siffar da ya iso, an tsara shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, a cikin fada, mutumin fada ya tsara shi, abin da ya shafi fada kuwa shi ya dame shi. Wannan muhawara ta yi shekara fiye da 40 ana yinta a jami'o'i, ga Jami'ar Bayero nan bayan ganuwa, amma ba ta ƙetaro ta shigo zauren Makama sosai ba.

Abin mamaki kuwa, akwai shaidar da ta fi zane ƙarfi, ta kuma girmi Bagauda. An tono wuraren narka tama a gindin Dala, aka auna, aka sami sun kai ƙarni na 7. Wannan ya zo daidai da abin da Abagayawa ke faɗi, cewa kakansu maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama. Ashe kafin a yi sarki an yi maƙeri. Da an fara labarin da guntun kashin maƙera guda a bisa faifai, da Kanon da yaro zai fita da ita a zuciyarsa ta zama garin masu sana'a wanda sarauta ta zo ta tarar, ba garin da sarauta ta ƙaga ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai rata mai yawa.

Ɗakunan ƙarni na 19 sun fi tsayawa da ƙafafunsu. Ga sulke da lifidi da kwalkwali, waɗanda Tarihin Kano ya ce a zamanin Kananeji aka fara su, ga labarin jihadi, da faɗuwar Alwali a 1807, da Sulaimanu, da Ibrahim Dabo wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, zuriyarsa kuma ke bisa gado tun daga sa'an nan. Abin da ya fi cancantar yabo shi ne da aka ba Basasa ɗaki sukutum. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a tsaya a ƙofar fada a ce 'ya'yan gida ɗaya sun yi wa juna yankan rago. Sa'ad da Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita tare da Yusufu zuwa Takai. Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Alu ya karɓi tuta, ya ci birni a 1894, aka bi Tukur har Tafashiya aka kashe shi a 1895. Sai dai mai ziyara ya riƙa tunawa da cewa Yusufawa ne suka ci, Abbas da Turawa suka naɗa a 1903 ɗan Abdullahi ne shi ma, saboda haka a ƙofar masu nasara a ke ba da labarin. Tukurawa da aka ƙwace gidajensu, da waɗanda aka sayar, da talakawan ƙauyukan da rundunonin biyu suka bi ta kansu, Adamu Fika ya ba da labarinsu a littafinsa na 1978, amma a nan muryarsu ƙasa-ƙasa ta ke.

Haka kuma bayi. Cikin ɗakuna 11 ba a ba su ko ɗaya ba, alhali kuwa ba a iya fahimtar Kano ta dā sai da su. Tarihin Kano da kansa ya ba da labarin dubban bayi da Galadima Dawuda ya riƙa aiko wa Abdullahi Burja daga kudu, watau kakan mai gidan nan ke nan. Gandayen sarki na Fanisau da Dorayi da Nassarawa bayi ne suka noma su. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne, a ƙarni na 19 kuwa ikonsu ya fi na hakimai da yawa. Magana ce mai nauyi, zuriyar kowane ɓangare suna nan, an zama dangi, an yi auratayya, ba mai son a tona. Amma gidan da ya iya buɗe bakinsa a kan Basasa ya nuna yana da ƙarfin da zai buɗe a kan wannan.

Ɗakunan sana'a da na kiɗa su ne suka fi cika da kaya, su ne kuma suka fi shan wahalar maƙwabtaka da abin da su ke nunawa. Garma da lauje, da allira da ƙoshiya, da kwando da faifai, duk an jera su tsaf, amma kayan aiki in ba hannu a jikinsa bebe ne. Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafinta na rini suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya kuma lura cewa ba a manyan ma'aikatu a ke yinsu ba, a gidaje a ke yi, kowa da iyalinsa. Wannan shi ne babban labarin arzikin Kano, da fataken goro na Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, har zuwa gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Tsummar turkuɗi guda a rataye ba ta ɗauke wannan kaya. Ga karofin Ƙofar Mata nan kusa, ga Kurmi, ga mabuga. Kakaki da algaita da tambari kuwa, wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ran Hawan Daushe ya ji su suna tsaga kunne, in ya gan su kwance shiru sai ya ji kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Gidan ba shi da ikon ya yi gasa da titi. Abin da ya ke da iko shi ne ya gaya wa mutum abin da titi ba ya faɗi: yaushe abin ya shigo, daga ina, wa ke da izinin busa shi, wa aka hana. Kakaki, alal misali, yana cikin abubuwan da aka danganta farkonsu ga Rumfa, ba kuwa kowane basarake a ke busa wa ba.

Ɗaki na ƙarshe shi ne ɗakin amarya, da gado da jere, tasoshi bisa tasoshi. Baƙi na son sa, yana da kyau kuwa. Amma a ce rabin mutanen birni ba su bayyana ba sai a ƙarshe, a kuma ranar aure kaɗai, wannan ƙwauro ne. Zaren da masaƙa suka saƙa, marina suka rina, fatake suka kai Tarabulus, mata ne suka kaɗa shi da mazari a cikin ɗakunansu. Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, matar Rumfa, da irin ƙarfin da ta yi a zamanin ɗanta da jikanta. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna irin tarihin da ke cikin kan tsohuwa guda in an zauna an saurare ta.  Irinta nawa suka shuɗe a Yakasai da Zage da Soron Ɗinki ba a tambaye su kome ba?

Wannan ya kawo ga babban giɓin gidan. Sunansa gidan tarihin Kano, amma tarihin gadon sarautar Kano ya fi bayarwa, birnin kuwa unguwanni ne. Sunayensu kaɗai littafi ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, Sharifai, Madabo ta Wangarawa, Yolawa, Dambazau. Kowane suna yana faɗin wanda ya zo, da inda ya fito, da abin da ya kawo. Tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya faɗaɗa ganuwa ta fuskar Ƙofar Mata har zuwa Ƙofar Na'isa, watau wannan yanki da fada da Gidan Makama da Yakasai su ke, aikinsa ne ya shigo da shi cikin birni. Ga zare a shirye wanda zai ɗaure gidan da maƙwabtansa, ba a ja shi ba. Ɗan makarantar Yakasai ya iya fita daga gidan ya haddace Bagauda da Gijimasu da Yaji, bai san wanda ya fara kafa bukka a unguwarsu ba, bai san jerin masu unguwa ba, bai san kududdufin da aka cike aka gina shaguna a kai daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidan kakansa ba. A ɗakin zamanin Turawa zai ga hotunan manyan 'yan siyasa a jere, amma NEPU da aka kafa a 1950 ba a hoto ta yi ƙarfi ba, a zauruka da shagunan teloli ta yi, Alhaji Tanko Yakasai ma daga bisa keken ɗinki ya shiga cikinta. Katin jam'iyya guda, da rasiɗin haraji na En'e, da sammacin alkali, sun fi hoto goma faɗin yadda zamanin ya ke.

Ga kuma harshe. Galibin bayanin da ke jikin bango da Turanci ya ke, kamar dai an shirya gidan domin baƙon da ya sauka daga jirgin sama. Ma'aikatan da ke zagayawa da mutane su ne ke cike wannan rami da bakinsu, waɗansunsu kuwa sun san abin da ya fi na bangon nesa ba kusa ba, sai dai abin da ke baki yana tafiya da mai shi ran da ya bar aiki. Dattijon da ya yi karatun allo bai yi boko ba, wanda watakila shi ya fi kowa sanin abin da ke gabansa, ba ya iya karanta layi guda. Bayani da Hausa, da boko da ajami, ba zai ci kuɗin da yaɓen bango guda ke ci ba.

Lokaci kuwa ba ya jira. A 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO, a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, aka sāke ta da siminti. Ganuwar kanta a wurare da yawa ta zama tudu, a waɗansu ta zama fili an yi gini. A cikin unguwa kuwa, duk gidan ƙasar da mai shi ya rasu aka raba gado, galibi bulo ke maye gurbinsa, akwatin takardun da ke ƙarƙashin gado, wasiƙun ajami da takardun cinikin gida da littattafan da aka kwafa da hannu, gara ta gama da su ko a zubar da su tare da shara. Ba sai an jira kuɗi daga Abuja kafin a aika ma'aikaci guda da na'urar ɗaukar magana ya bi zaurukan Yakasai gida gida ba, da iznin mai unguwa, a fara da waɗanda suka haura shekara 80. Ɗaki guda ya isa a fara, a riƙa juya shi, bana Yakasai, baɗi wata unguwa. Sa'ad da magina suka zo yaɓe kafin faɗuwar ruwa kuma, maimakon a rufe ƙofa har su gama, a kirawo 'yan makarantar da ke jikin gidan su tsaya su ga yadda a ke cuɗa ƙasa da yadda a ke jefa wa na sama curi yana cafewa, sa'an nan a rubuta sunan babban maginin da shekarar a ɗan allo, a kafa kusa da ƙofar zaure.